Gishiri a Goshin Nafisa

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo mana Nafisa, ko da tsufa ya kwashe mini sauran ranakun aiki. Laraba ce, tsakiyar damina, lokacin ina babbar ma'aikaciyar jinya mai kula da ɗakin yara a asibitinmu na nan Birnin Gwari. Ga wanda bai san tsarin ba, likita shi ke duba mara lafiya ya rubuta magani, amma ɗakin da gadajensa da masu zaman jinya duk a wuyana suke. Ku da kuka yi aiki a ƙarƙashina kun san halina, ba sai na ɓoye ba. Ina da saurin baki, ina da saurin yanke hukunci, kuma na san sunan da kuke kirana da shi in na ba da baya. Na yafe muku, don labarin nan ma shaida ne a kaina.

Daga wani ƙauye gaba da Randagi suka zo, su huɗu a kan babur ɗaya, taɓo har gwiwa. Uban, Isuhu, shi ya tuƙo. Mahaifiyarsa, Inna Delu, ita ke rungume da yarinyar. Can ƙarshen babur kuma matarsa Rabi, uwar yarinyar, riƙe da ƙullin kaya. Nafisa tana da shekara uku da rabi, amma da na ɗora ta a sikeli sai da na sauke ta na sake ɗorawa, don na zaci sikelin ne ya lalace. Hannuwa sirara, ciki a kumbure, ga tari mai nauyi wanda kana ji ka san akwai abu a ƙirjin da ya ƙi fitowa.

Ƙa'idarmu ita ce a ɗauki tarihin ciwo kafin likita ya shigo. Na buɗe fayil na fara tambaya, duk abin da na tambaya Inna Delu ke amsawa. Tarin tun tana jaririya ne. An sha sassaƙe, an yi surace, an je kemis ba adadi. An ma taɓa ɗora ta a kan maganin tarin tibi, ta shanye watanninsa cif ba fashi, tarin bai ko gezau ba. Ita kuwa Rabi tana zaune a kan benci can nesa da gadon, fuskarta na kallon taga. Yarinyar ta yi tari har ta shiɗe, uwar ba ta motsa ba.

Nan raina ya ɓaci. Na ce, "Ke ba ke kika haife ta ba? Yaya sunanta?"

Ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna ta faɗa miki."

Na ce, "Na ga iyaye iri-iri a ɗakin nan, amma ban taɓa ganin wadda 'yarta ke neman numfashi tana kallon taga ba."

A gaban surukarta na faɗi haka, a gaban duk matan ɗakin. Abin da ke ba ni kunya har yau shi ne, ni ma 'yar fari ce. A ɗakin kakata na tashi, kuma har mahaifiyata ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba. Na san kunyar ɗan fari tun kafin in san allura. Na san mace ba ta ɗaukar ɗanta na fari a gaban surukai, ba ta ambatar sunansa, ba ta nuna ya dame ta ko da cikinta na ci da wuta. Amma da na sa farin kaya na rataya agogo a ƙirji, sai na manta duk wannan, na ga muguwar uwa kawai.

Likitanmu a lokacin, Dakta Bulus, matashi ne mai haƙuri wanda ba ya raina magana. Ya rubuta allurar kashe ƙwayoyin cuta, muka fara. Kwana biyu zazzaɓi ya sauka, tarin yana nan.

Ranar Juma'a da la'asar, Inna Delu ta fita alwala. Ina jera magunguna a kan tire sai na ji mutum a bayana. Rabi ce. Murya ƙasa-ƙasa ta ce, "Sista, ban sani ba ko yana da amfani. Goshin 'yar Inna gishiri ne."

Na ce, "Kamar yaya gishiri?"

Ta ce, "In ta yi gumi. Ba irin na sauran yara ba. Har fari-fari yake bushewa a gefen gashinta. Kuma bayan gidanta maiƙo ne da shi, ga wari, sai na sa toka kafin ya fita daga tsumma. Tana ci fiye da ni, amma ba ya zama a jikinta."

Ta ci gaba da zayyano mini abubuwa, wane wata tarin ya fi tsanani, wane gefe take kwanciya ta samu sauƙi, wane abinci ke tayar mata da ciki. Babu ko ɗaya a cikin fayil ɗina. Ni kuma da bakina da ba ya zama wuri ɗaya na ce, "To ke da ba kya taɓa ta, yaya aka yi kika san ɗanɗanon goshinta?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta koma bencinta kafin Inna ta dawo. Na tsaya cak da tire a hannu, domin babu yadda za a yi ka san ɗanɗanon goshin yaro sai ka kai bakinka wurin.

Na je na gaya wa Dakta Bulus. Yana rubutu ne, sai ya ajiye biro. Ya ce, "Sista, maimaita." Na maimaita. Ya ce akwai wata cuta da ya karanta a makaranta, aka ce musu da wuya su gan ta a ƙasar nan, shi ya sa ba mai nemanta. Ya rubuta takardar tura su babban asibitin koyarwa. Kun san yadda hanyar Kaduna take a lokacin, ba a fita sai an taru an bi ayari ta cikin dajin. Suka jira ranar tafiya suka bi, muka bi su da addu'a.

Bayan mako uku suka dawo da takarda da ɗan kwali. Gwaji ya tabbatar da zaton likita. Sunan cutar sistik faiburosis, kuma bari in yi bayaninta yadda na yi wa Isuhu. Kowa na da majina a huhu, mai ruwa-ruwa, tana kwashe datti tana fita ba tare da mun sani ba. Ta mai wannan cuta kauri gare ta da danƙo, sai ta toshe ƙananan hanyoyin iska, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Haka take toshe hanyar abin da ke narkar da abinci, shi ya sa yaro ke ci ba ya ƙiba. Da ita ake haihuwar mutum, cutar gado ce ta wajen uwa da uba duka, ba laifin kowa ba ne, ba kuma ta warkewa. Amma in ana fitar da majinar kullum, yaro na iya yin wasa ya yi girma.

A cikin kwalin akwai 'yar na'urar shaƙa, mu muna ce mata nebulaiza, Inna Delu kuma ta raɗa mata injin turare. Ƙarama ce mai batir, ana cajinta da sola kamar waya, likitar yara ta can ce ta samo musu saboda ta ji ƙauyensu ba lantarki. Tsarin kuwa ga shi. Da farko a ba yarinya maganin buɗe hanyar numfashi. Sannan a fasa 'yar robar ruwan gishiri na musamman, wanda aka haɗa a masana'anta, ba na kicin ba, a zuba a kofin na'urar. Na'urar ta mayar da shi tururi mai sanyi, yarinya ta shaƙa ta takunkumin roba da ke rufe hanci da baki, kamar minti goma sha biyar. Ruwan ya tsinka majinar. Daga nan a lanƙwasa tafin hannu kamar za a ɗebi ruwa, a riƙa bubbuga baya da gefen ƙirji har ta yi tari ta fitar. Safe da yamma, kullum, har abada. Ga kuma kafso da za ta sha da kowane abinci. Takardar ta ce kada mu sallame su sai mun tabbatar masu jinya sun iya.

Wa na zaɓa in koya wa? Inna Delu. Ita ke gefen gado, ita ke amsa tambaya, sunanta ne a fayil a matsayin mai jinya. Haka muka saba aiki, wanda ya matso shi ake koya wa. Duk da abin da Rabi ta gaya mini ranar Juma'ar nan, ban kawo ta a lissafi ba.

Nafisa kuwa da ta ga takunkumin ya nufo fuskarta sai ta ƙwalla ƙara. Ta yi shure-shure, ta fizge, ta ƙanƙame jiki. Inna ta riƙe hannuwa, ni na danne takunkumi, Isuhu ya kama ƙafafu, mu uku a kan yarinyar da ba ta kai nauyin tulun ruwa ba. Muka gama minti goma sha biyar muna gumi, na rubuta a fayil cewa an ba da magani.

Dakta Bulus ya zo zagaye ya tarar da mu a haka. Bayan ya sa abin awo a bayanta ya ja ni gefe ya ce, "Sista, yaron da ke kuka ba ya shaƙar maganin nan. Iska yake fitarwa da ƙarfi, ya ja kaɗan. Rabinsa a fuska yake ƙarewa, sauran a maƙogwaro. Sai tana zaune lafiya tana numfashi a hankali zai kai inda ake so."

Na ce, "To Dakta, ka zo ka zaunar da ita lafiya."

Ya yi murmushi ya ce wannan fannina ne. Na gwada alewa, na gwada waƙa, na sa wa kaina takunkumin, na sa wa 'yar tsana. Wata cikinku ma ta yi mata rawa, ba zan faɗi suna ba. Kwana huɗu ba abin da ya sauya, sai ma da ta ji ƙarar buɗe kwalin take fara kuka.

Rana ta huɗu Inna Delu ta gaji. Ta ce, "'Yar nan, mu fa mun kawo ta ne a tsayar da tari. Wannan injin naku ƙara shi yake yi."

Na yi mata bayani cewa a wannan cutar tarin shi ne tsintsiya, in aka tsayar da shi datti ya zauna. Ta ce ta ji, amma ita ba za ta ƙara danne jikarta ana azabtar da ita ba. Isuhu ya ce ciyawa ta cinye masa masara, jibi za su tafi, da injin ko ba injin. Na san abin da hakan ke nufi. Kwalin zai hau saman kwanuka ya yi ƙura, a koma surace, kuma kafin kaka a dawo mana da yarinyar a yanayin da ba za mu iya komai ba, in ma hanya ta bari an dawo.

Da yammar ranar ina wanke kofin na'urar, na ɗaga kai na hango Rabi a bencinta. Fuskarta na kallon taga kamar kullum, amma sai a ranar na lura da tagar. Ta gilashi ce, kuma gadon Nafisa na fitowa tar a cikinta. Tun ranar farko abin da take kallo ke nan.

Washegari da hantsi na rubuta 'yar takarda na ba Inna Delu, na ce ta taimaka ta kai ɗakin magani ta jira a haɗo mata kafso. Na san layin wurin, ba ta dawowa da wuri. Allah ya yafe mini, kafson na cikin aljihuna. Tana fita na jawo labule mai taya na zagaye gadon, na yafito Rabi.

Na ce, "Ba mai ganinki. Ɗauke ta."

Ta leƙa ta gefen labulen, sannan ta zauna a bakin gado. Ban ga lokacin da yarinyar ta haye cinyarta ba. Ta lafe a ƙirjinta kamar wurin da ta saba, ta kama bakin mayafin ta cusa a hannu. Muka ba da maganin farko. Rabi ta karɓi takunkumin daga hannuna, ta ɗora a kan hancinta ita kanta, ta ja numfashi, sannan ta kai bakinta kunnen yarinyar tana faɗa mata wani abu da ban ji ba. Ta ɗora mata. Na kunna na'ura. Nafisa ta ɗan zabura, uwar ta sa haɓarta a kan goshinta tana wani ɗan gunguni mai kama da waƙa. Tururi na shiga, ƙirji na ɗagawa yana sauka a hankali. Na kalli agogona, minti biyar, minti takwas, ba kuka.

Ana cikin minti na goma sai na ga ƙafafu a ƙarƙashin labule, da silifas ɗin da na sani. Ashe mai ba da magani ya ga tsohuwa ya shigar da ita gaba, ya ce mata Sista ta riga ta karɓa. Inna Delu ta ɗaga labulen.

Rabi ta yi wuf za ta sauke yarinyar, takunkumin ya goce, Nafisa ta fara taɓe baki. Ni kuma na buɗe baki zan fara kare kaina, sai tsohuwar ta ɗaga mini hannu.

Ta ce, "Zauna, Rabi. Mayar mata da abin."

Rabi ta mayar, kanta a ƙasa. Inna ta jawo kujera ta zauna har na'urar ta ƙare. Na nuna wa Rabi yadda za ta lanƙwasa hannu, ta kifa yarinyar a cinya ta fara bubbugawa. Can sai tari ya zo, mai zurfi, ta fitar da wata majina mai kauri, kore-kore, wadda kwana huɗu muna nema ba mu samu ba. Ta sake fitarwa. Sannan ta ja wani dogon numfashi, ta ce tana jin yunwa.

Inna Delu ta daɗe tana kallon abin da ke cikin kwanon. Sannan ta ce wa surukarta, "Kina tsammani ban sani ba? Me kike zato ke kai ni maƙwabta kullum da hantsi, in daɗe? Hirar Ladidi ce ta yi mini daɗi haka?"

Rabi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza. Tsohuwar ta juyo gare ni ta ce, "Sista, Isuhu ba shi ne na farina ba. Akwai wansa. Shi ma da irin tarin nan ya zo, bai kai shekara uku ba. A hannun uwar mijina ya cika, ina tsaye a bakin ƙofa, mata cike da ɗaki. Aka yi ta yabona, wai ban zubar da hawaye ba, wai na cika 'yar mutunci. Shekara nawa yanzu, ban daina jin nauyin da ban ɗauka ba a hannuwan nan."

Kafin in buɗe baki ta ci gaba. Ta ce, "Amma kin san ƙauye. In ta ɗauke ta safe da yamma a tsakar gida, bakin mata ba zai bar ta ba, za a ce ta zubar da kunya. Ki rubuta mana a takarda cewa likita ne ya ce dole sai uwa. Ki buga wannan abin naku mai shuɗin tawada. Ni zan kai wa liman ya karanta, in ga mai magana."

Na ɗauko katin sallama, a wurin umarnin kula da mara lafiya na rubuta da Hausa da manyan baƙaƙe cewa mahaifiyar yarinya ita za ta riƙe ta a cinya lokacin shaƙar magani, safe da yamma, ba wani ba. Na kai wa Dakta Bulus. Ya karanta ya dube ni, na ce, "Sa hannu kawai, Dakta, ba ƙarya a ciki." Ya sa, na buga hatimi har sau biyu.

Sun ƙara kwana uku, Isuhu ya yarda da kansa da ya ga 'yarsa ta ci tuwo ta yi barci ba shiɗewa. Rabi ta koyi komai, har da wanke kofi da takunkumi, a tafasa, a shanya a rufe. Inna ta ɗauki nata aikin, ita ke kai na'urar caji, ita ke tsare ƙofa kada a shigo da hayaƙin girki. Ranar tafiya na sami Rabi ita kaɗai na roƙe ta gafarar abin da na faɗa mata ranar farko. Ta ce, "Ba komai, Sista. Ai na ji daɗi ma da kika yi faɗa saboda ita."

Suna zuwa karɓar magani duk lokacin da hanya ta yi kyau. An sake kwantar da Nafisa sau biyu, don cutar ba ta tafi ba kuma ba za ta tafi ba, ban taɓa ɓoye musu wannan ba. Amma zuwansu na ƙarshe kafin in ajiye aiki, da gudu ta shigo ɗakin, sai da na daka mata tsawa kada ta ture mini tire. Na gode wa Allah da ya nuna mini wannan. Na gode wa Dakta Bulus da ya ajiye bironsa don maganar matar ƙauye. Na gode wa Inna Delu, wadda ta san al'adarta ta kuma san inda za ta buɗe mata ƙofa ba tare da ta rushe katanga ba. Rabi kuwa, ita ta gano cutar, mu sunanta kawai muka faɗa.

Ku da za ku ci gaba da riƙe ɗakin nan, ga abin da na samu. Wanda ke amsa tambaya a bakin gado ba lallai shi ya fi sanin ciwon ba. Mutanenmu suna ɓoye ƙauna yadda wasu ke ɓoye laifi, kuma in ba ku nemi inda aka ɓoye ta ba, magani mai kyau zai ƙare a fuskar yaro. Ku duba benci na nesa. In ta kama, ku aiki tsohuwa ɗakin magani.

A wannan zuwan na ƙarshe, tsohon katinsu ya cika, na ɗauko sabo. Rabi na zaune a gabana, Nafisa a cinyarta, Inna a gefe. Don tsokana na ɗaga biro na ce, "Sunan yarinya?"

Rabi ta yi murmushi ta sunkuyar da kai ta ce, "Sista, kin san shi."

Har yau ba ta faɗa ba. Amma tana maganar ne haɓarta na kan goshin yarinyar, a gaban surukarta, a gaban duk matan ɗakin, kuma ba ta sauke ta ba.